Faifan fam biyu da ya mayar da ni Kakuri

Ni ba mai rawa ba ce. Ko a gidan biki, ni ake bar wa jakunkuna da mayafai in ƙawaye sun shiga fili. Balle kuma balet, rawar nan ta Turawa da ake tsayawa a kan yatsun ƙafa, a daɗe ana juyi da tsalle babu wanda ya ce uffan. To amma ga ni yau ina ba da labarin faifan balet, kuma sau huɗu na kalle shi.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, tsakanin Salford da Swinton, nan gefen Manchester. Cikin waɗanda nake zuwa wa akwai wata tsohuwa da ta haura tamanin da biyar, wadda ta shiga aikin masaƙa tana 'yar shekara goma sha biyar. A bangon falonta akwai hoton wani zane: dogayen gine-gine, bututan hayaƙi, da mutane baƙaƙe sirara kamar an watsa tsinken ashana a kan farin zani. Kullum in ina haɗa mata shayi sai idona ya kai kansa. Ran nan dai na tambaye ta. Ta ce, "Lowry ke nan, 'yar nan. Namu ne, nan Pendlebury ya zauna." Ta ƙara da cewa har rawa aka taɓa yi da zanen nasa, ta gani a talabijin tun mijinta na da rai.

Ban riƙe maganar ba. Sai bayan kamar mako uku, na shiga wani shagon gwanjo na 'yan agaji ina neman rigar sanyi, na ga kwandon faya-fayen DVD a bakin ƙofa. Na uku da na ɗaga, ga sunan rawar nan ta Lowry a jiki: A Simple Man. Ga mutum da hula da doguwar kwat. Fam biyu. Rigar sanyin ma ban samu daidai ni ba, da faifan kawai na fito.

Bari in fara da kayan kansa, tunda kuɗi na biya. Araha ba ta ado: kwalin a tsage yake ta gefe, faifan kuma yana da ƙarzuwa guda wadda ke sa hoton ya cije na ɗan lokaci wajen tsakiya. Wannan halin gwanjo ne, ban ga laifin kowa ba. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, shiri ne da aka ɗauka don talabijin a 1987, saboda haka hoton irin na da ne, mai kusurwa huɗu, da baƙin fili hagu da dama in an sa shi a talabijin na yanzu. Fuska ba ta fita tar kamar yadda ido ya saba a waya. Mu a gidanmu ma babu na'urar DVD, sai da autana ya sa mini shi a na'urar wasansa, yana gunaguni wai na katse masa ƙwallo. Tsawonsa kusan awa guda ne. Turancin da ke ciki kaɗan ne, ɗan bayanin da ɗan wasan kwaikwayo Albert Finney ya yi ne, shi ma ɗan Salford. Sauran duk kiɗa ne da motsi. Wanda bai iya Turanci ba babu abin da zai wuce shi.

Hukumar birnin Salford ce ta nemi a shirya rawar don cikar Lowry shekara ɗari da haihuwa, domin a 1887 aka haife shi. Ƙungiyar Northern Ballet Theatre ce ta yi, BBC ta nuna, har shirin ya ci lambar BAFTA, wato lambar yabon fina-finai da talabijin ta Birtaniya. Gillian Lynne ce ta tsara rawar, Carl Davis ya rubuta kiɗan. Christopher Gable ya fito a Lowry, Moira Shearer ta fito a mahaifiyarsa.

Shi wannan Lowry, sai da na bi labarinsa sannan rawar ta zauna mini. Mai karɓar kuɗin haya ne. Daga 1910 zuwa 1952 yana yi wa kamfani guda aiki, yana bin lunguna ƙofa-ƙofa da littafinsa, yawancin masu sayen zanensa ma ba su san da haka ba. Zane da dare ya koya, da dare kuma yake yi. Iyayensa sun taso daga unguwar masu hali ta Victoria Park a 1909, suka koma Pendlebury cikin masaƙu da hayaƙi saboda aljihu ya yi sanyi. Da farko ya tsani wurin. Shi da bakinsa ya ba da labarin ranar da jirgin ƙasa ya tafi ya bar shi a tashar Pendlebury, ya fito yana jin haushi, sai ya ga masaƙar Acme ana tashi daga aiki, tagoginta duk a haske, mutane na kwararowa. Daga nan ya samu abin zanawa har ƙarshen ransa. Fenti kala biyar kawai yake amfani da su: baƙi, ja, shuɗi, rawaya mai kalar ƙasa, da fari. Bai yi aure ba, bai taɓa fita ƙasar waje ba, kuma sau biyar gwamnati na miƙa masa lambar girma yana cewa a bar shi, har da sarautar Sir a 1968. Ya rasu a 1976.

Zanen da ya fi ɗaukar hankalina a rawar shi ne na 1930, mai suna Coming from the Mill, wato fitowa daga masaƙa. Shi ne a bangon tsohuwata. Gani ya kori ji, don haka wata Asabar na hau taragon cikin gari na je Salford Quays, gidan da ake kira The Lowry wanda aka buɗe a 2000, na ga na ainihin. Shiga ɗakin zane kyauta ne. Ƙarami ne, bai kai yadda na zata ba. Da na matsa kusa sai na lura da abu biyu. Mutanen ba su da inuwa. Kuma kusan kowa a cikinsu ya ranƙwafa gaba, kai a ƙasa, ƙafa cikin ƙaton takalmi, kamar iska na turo su ta baya.

A nan ne na gane wahalar da matar nan Lynne ta ɗauko wa kanta. Ɗan balet tun yana yaro ake horar da shi ya miƙe wuya, ya buɗe kafaɗa, ya taka ƙasa kamar ba ya son ta ji. Duk abinsa sama yake nufa. Mutanen Lowry kuwa ƙasa ke jan su. Sai ta ɗauki waɗannan matasa masu jiki kamar gora, ta lafta musu kwat da hula da manyan takalma, ta karya musu baya, ta ce su yi tafiya. Tafiya fa, ba tsalle ba. Kuma tafiyar ce rawar. Wannan ya wuce da sauri hannu a aljihu, wancan yana jan ƙafa, wata ta tsaya cak tana kallon wani wuri, sai taron ya haɗe ya zama zanen sak, kafin ka gama mamaki ya sake watsewa. Shi kuma Gable yana tsakiyarsu, dogo, yana kallo, babu mai kula shi. Ka ga mai karɓar haya ke nan: ya san ɗakin kowa, ba abokin kowa ba ne.

Ina zaune da kwanon tuwon semo a gabana lokacin da aka zo wurin tashi daga masaƙa. Ban san sa'ad da na ajiye cokalin miya ba.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, shekara ashirin da wani abu ya yi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna. Muna yara, in an kusa tashin 'yan aikin safe, Inna kan aike ni da Yaya mu tsaya bakin titi mu karɓo abin da ya sayo. Jiniya na kaɗawa sai ƙofa ta buɗe, mutane su ɓarke kamar an fasa rumbu. Cikin ɗaruruwan nan, tun daga nesa muke gane Baba, ba da fuska ba, da tafiya. Kafaɗa ɗaya ta ɗan sauka, kai a gaba, ƙafa na bin jiki a baya kamar ba tasa ba. Tafiyar wanda ya yi awa takwas a tsaye gaban inji ce. Na ɗauka tasa ce shi kaɗai. Ashe ta masaƙa ce. Ga wani yaron Bature a 1987, wanda watakila bai taɓa taɓa ƙundun zare ba, yana yin ta a gabana ba ragi.

Kuma ba abin mamaki ba ne in aka bi sawu. Masaƙar farko ta Kaduna da ta fara aiki a 1957, gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ce ta kafa ta tare da kamfanin David Whitehead and Sons na nan Lancashire. Tun kafin nan ma, ƙungiyar noman auduga ta BCGA da ta kafa gidajen gurza a Zariya da Funtuwa, a Manchester aka ƙirƙire ta a 1902, don masaƙun nan su samu abin ci. Wato audugarmu ta zo nan, sannan aikinsu ya je can. Su nasu masaƙun sun riga namu mutuwa, wasu an rushe, wasu an mai da su gidajen haya masu tsada. Namu kuma kowa ya san yadda Kakuri ta koma.

Na kira Inna ta bidiyo, na juya wayar ga talabijin, na ce, "Inna, dubi wannan na gefen hagu." Ta yi shiru tana ƙifta ido, don hoton ya bi ta waya biyu kafin ya isa gare ta. Can ta ce, "Ikon Allah. Wannan ai Malam ne ya taso." Sai kuma ta ce, "To ina kekunansu? Su ba su da keke?" Gaskiyarta. A Kakuri rabin taron a kan keke yake, ƙararrawa ta ko'ina, ga masu ƙosai da masu rake a bakin ƙofa, ga mai shayi yana kiran masu bashi da suna. Taron Lowry babu mai yi wa wani magana. Wannan bambancin ya tsaya mini, domin ko a zanen haka yake: mutum ɗari a fili guda, kowa shi kaɗai.

Kiɗan ya taimaka ƙwarai. Davis Ba'amurke ne, amma ya kama sautin yankin nan, na 'yan badujala masu ƙahonin tagulla waɗanda a da masaƙu da mahaƙun kwal da yawa ke da nasu. In ƙahon nan ya ja dogon numfashi, sai ka ji sanyin safiya da hayaƙi. Akwai kuma wurin rawar takalman katako, irin waɗanda ma'aikatan Lancashire ke sawa a da, masu ƙarfe a ƙasa. Nan ne kaɗai autana ya ɗago kai daga waya ya ce, "Umma, mayar baya in gani." Ƙwas-ƙwas ɗin takalman a kan daɓe, in ka rufe ido, injin saƙa ne.

Sashen 'yan matan da ake kira Ann bai kama ni ba. Lowry ya yi ta zana wata mace mai wannan suna, da doguwar kitso da idanu masu kwalli, kuma har yau ba a tabbatar ko wace ce ba. A rawar an fito da su a matsayin matan da yake hange bai samu ba. Sun yi kyau, sun iya, amma nan ne shirin ya koma balet irin wanda na zata tun farko, kuma nan na tashi na zuba ruwa a buta. Ga masu tambaya ko za a iya kallo da yara: yawancin shirin kowa a lulluɓe yake da kayan sanyi har wuya, amma akwai wuraren da namiji ke riƙe mace yana juya ta, kamar yadda wannan rawa ta gada. Kowa ya san gidansa.

Inda nake da magana sosai shi ne wajen uwar.

Abin da ya faru a zahiri shi ne, mahaifin Lowry ya rasu a 1932 ya bar bashi. Uwar, Elizabeth, wadda ta so zama shahararriyar mai kaɗa piyano abin bai yiwu ba, ta kwanta. Ba ta ƙara tashi ba har ta rasu a 1939. Shekara bakwai ɗan nan nata tilo yana fita karɓar haya da rana, ya dawo ya yi jinyarta, sai ta yi barci sannan ya hau ɗakin sama ya kama zane, daga wajen ƙarfe goma har biyun dare. Kuma duk wannan ba ta cika yaba zanen nasa ba. A shekarar da ta rasu ne aka fara baje kolin zanensa shi kaɗai a Landan.

Moira Shearer tana da shekara sittin da ɗaya lokacin da ta yi wannan fitowa, ta daɗe da barin rawa, amma da ɗaga hannu ɗaya take cika ɗaki. Yadda take kau da kai in ya matso, yadda kuma take jawo shi in ya yi nisa, wallahi na san irin wannan. Na shiga gidaje da yawa inda mara lafiya ke mulkin kowa daga kan gado, da nishi kawai. Gable kuma, mutum mai shekara arba'in da bakwai, in yana gabanta sai ya koma yaro ɗan shekara bakwai da ya kawo allo a duba masa. Wannan duk gaskiya ne, kuma sun yi shi yadda ya kamata.

Amma rawar ta nuna ɗaurin, ba ta nuna aikin ba. Jinya ba kallon juna ba ce da miƙa hannu. Jinya ita ce canza zanin gado da ƙarfe ukun dare, da juya mutum kada bayansa ya yi gyambo, da tsayawa da cokali a hannu minti ashirin ana jiran a buɗe baki, da wanke abin da ba a faɗa. Wanda ya yi wannan shekara bakwai, ya kuma tashi da safe ya tafi aiki, ba abin tausayi ba ne kawai. A wurinmu sunansa ɗan albarka. Shirin yana so in tafi da cewa uwa ta cinye masa rayuwa. Ni kuwa da na kalla da idon mai wannan sana'a, na ga mutumin da ya zaɓi ya tsaya. Maigidana da muka yi gardamar ya ce, "Ke dai kin mai da abin wurin aikinki. Mutumin nan bai yi aure ba fa har ya mutu." Na ce ai bayan rasuwarta ya yi shekara talatin da shida a duniya, wa ya riƙe shi? Ya ce wanda aka ɗaure tun yana ƙarami ko an kwance igiyar ba ya tafiya. Ban ba shi amsa ba, amma ban yarda duka ba.

Abin da ya rage mini haushin shi ne wurin mutum mai jajayen idanu. Wannan ma zane ne na gaske, na 1938, ana tsakiyar jinyar. Lowry ya fara shi ne a matsayin hoton kansa, ya ƙare da wata fuska mai ban tsoro, ido jawur kamar garwashi, tana kallonka kai tsaye. Na tsaya gabansa a The Lowry na daɗe. Ba hauka na gani ba. Rashin barci na gani. Duk wadda ta yi aikin dare huɗu a jere ta shiga banɗaki da asuba ta kalli madubi ta san wannan fuskar. Da rawar ta kawo shi, sannan ta kawo tekun nan nasa fari fat wanda babu jirgi babu mutum, sai na ce to, ko ba su nuna bokiti da tsumma ba, sun nuna abin da suke bari a jikin mutum.

Shin ya ci kuɗinsa? Fam biyu ko kofin shayi ba ya saye a garin nan. Ko fam goma na gan shi zan saya, amma ba zan ce kowa ya saya ba. Mai neman labari da za a bi daki-daki zai gaji, domin zane-zane ne aka jera, ana fita daga wannan a shiga wancan. Shawarata, kafin ka sa faifan ka nemi hotunan zanen a intanet ka kalle su ko na minti goma ne, musamman na masaƙar da na mai jajayen idanun. In ba haka ba za ka ga mutane ne kawai suna tafiya a karkace, ka ce me aka yi aka yi. Zanen mutumin nan yanzu ba na talaka ba ne: wanda ya yi na 'yan kallo suna tururuwa zuwa filin ƙwallon Bolton, a 2022 an saye shi fam miliyan 7.8. Mai bin lungu yana karɓar sulalla ke nan.

Ranar wata Talata na tafi wa tsohuwata da faifan, don ita tana da na'urar, har da ƙyallen da ta saƙa ta rufe ta da shi. Na gyara mata matashi, na ƙara sauti sosai saboda kunnenta ya yi nauyi, kamar na yawancin waɗanda suka yi aiki a ɗakin saƙa. Ta taɓa gaya mini cewa ƙarar injuna ba ta barin a ji magana, sai da leɓe suke hira daga wannan layi zuwa wancan, har yau kuma in na juya mata baya ba ta jin abin da nake cewa. Ta kalla shiru har aka zo fitowa daga masaƙa. Sai ta nuna talabijin da yatsa ta ce, "Sun yi tsabta da yawa. Ina audugar? Mu in mun fito, gashinmu fari yake fat." Na yi dariya har da hawaye, don Baba ma haka yake dawowa, da farin gashin auduga a gira da gemu, Inna na kaɗe masa da gefen zani tana cewa ya tsufa kafin lokaci.

Da lokacina ya cika na tashi zan cire faifan, sai ta dafa hannuna ta ce in bar shi, za ta sake kallon na takalman katakon. Wata biyu ke nan. Duk zuwan da na yi yana cikin na'urar, kwalin nan mai tsaga kuma ta sa masa salatif. Yanzu duk shagon gwanjon da na wuce sai na tsaya na tona kwandon bakin ƙofa.